TAUSAYI KAƊAI BA YA RAYA HAWAINIYA

Duk manomin da ya taɓa shuka rama a bayan gida ya san hawainiya. Da safe akan tarar da ita bisa kara, tana taku sannu sannu kamar mai tsoron ƙasa ta burma, ido ɗaya na duban gaba, ɗaya na duban baya. Daga nan aka samo maganar da akan yi wa mai shisshigi, a ce hawainiyarsa ta kiyayi ramar mutane. Yara sukan jefe ta, manya sukan kauce mata, masu magani kuwa sukan shanya ta su kai kasuwa. Amma ba safai akan ji wanda ya ce zai kama ta ya yi kiwonta kamar kaza ko zomo ba.

To, a Amurka da Ingila da Jamus abin ba haka yake ba. Can akwai kantunan da ke sayar da hawainiya da ranta, mutum ya biya kuɗi ya kai ta gida ya ajiye don sha'awa, kamar yadda waɗansu ke ajiye aku ko kanari a ƙasar Hausa. Wadda aka fi saye ita ce hawainiyar ƙasar Yaman, mai doguwar hula a ka. Sayenta ba wuya, gama tana da araha tun tana 'yar ƙarama. Riƙonta shi ne aiki. Bayan 'yan watanni sai mai ita ya ga ta daina ci, ƙafafunta sun lanƙwashe, ko kuwa shi kansa ya gaji da ɗawainiya, sai ya shiga neman wanda zai karɓa. Wani mai tausayi yakan ce a ba shi. Wani lokaci kuma akan kai ta gidan ƙungiyar ceton dabbobi, irin su RSPCA ta Ingila wadda aka kafa tun 1824, su kuma su nema mata sabon ubangida.

Wannan sabon ubangida shi ne abin magana a filin nan yau. Niyyarsa mai kyau ce, ba shakka. Amma sau da yawa shi ke ƙarasa abin da na fari ya soma, domin yakan yi mata irin alherin da ake yi wa kyanwa ko ɗan akuya. Ya riƙa ɗaukarta yana shafawa, ya ajiye mata ruwa cikin kwano, ya cika ta da abinci, sa'an nan ya sayo mata 'yar'uwa wai don kada ta yi kaɗaici. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan cuta ne gare ta, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wanda ya karɓi dabba mai jinya ya ɗauki bashi, bashin nan kuwa ba ya biyuwa sai da sanin halinta. Mai karatun da har abada ba zai yi kiwon hawainiya ba, shi ma akwai abin da zai tsinta a ciki game da kajinsa da awakinsa.

ASALINTA

Irin hawainiya a duniya ya fi 200, wajen rabinsu a tsibirin Madagaska. Wannan da ake magana a kanta, asalinta duwatsun yammacin Yaman ne da kudu maso yammacin Saudiyya, wajen Asir. Masana na Faransa suka ba ta sunan Chamaeleo calyptratus a 1851. Wanda ya ji an ce ƙasar Larabawa sai ya ɗauka rairayi ne da zafi, ashe ba haka ba ne. Yankin nan tuddai ne masu tsawo waɗanda manoma suka yanka hawa hawa suna noman dawa da gahawa. Birnin Ta'izz ya ɗara Jos tudu, San'a kuwa ta haura ƙafa 7,000. Ana samun ruwan sama a lokacinsa, da dare akwai sanyi, da asuba raɓa takan sauka bisa ganye. Hawainiyar tana zaune bisa itatuwa da ƙananan bishiyoyi, a bakin kwari da gefen gonaki, ita kaɗai.

Namiji yakan kai inci 17 zuwa 24 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, hularsa kuma takan kai inci biyu. Mace ba ta kai haka ba, wajen inci 14 take tsayawa, hularta gajera. Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabe su tun suna jarirai. Namiji yana da wani ɗan ƙari a diddigen ƙafar baya, kamar na zakara da bai tofo ba, mace ba ta da shi. In an kula da su sosai namiji yakan yi shekara shida zuwa takwas, mace wajen biyar. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu a Turai da Amurka aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin Yaman ba. Amma jikinsu bai san da wannan ba. Har yanzu ranar Yaman yake nema, da raɓarta, da iskarta.

KWANAKIN FARKO

Abu na fari da sabon ubangida zai yi shi ne ya ƙyale ta. Wannan shi ya fi kome wuya ga mai tausayi. Hawainiya ba ta san aboki ba. Duk abin da ya fi ta girma, ya kuma miƙo mata hannu daga sama, a wurinta shaho ne. In aka dame ta sai ta kumbura, ta buɗe baki, ta yi huci, jikinta ya yi duhu. Mutane da yawa sun ɗauka tana sāke launi ne kawai don ta yi kama da abin da ta hau, amma mafi yawan sākewar nan magana ce take yi, ta fushi, ko tsoro, ko sanyi, ko neman miji. A 2015 masana a Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan suka nuna yadda abin ke faruwa a jikin wata hawainiyar Madagaska. Akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli jere cikin fatarta, in ta matse su ko ta buɗa su sai hasken da ke dawowa ya sāke launi. Saboda haka mai lura yana iya karanta lafiyarta a jikinta. Kore mai haske alamar kwanciyar rai ne. Wadda ta wuni baƙi ƙirin akwai abin da ke damunta.

Abu na biyu, a kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san sha'anin dabbobi masu jan ciki, gama ba kowane likita ya san su ba. A tafi da kashinta na ranar don a duba ko akwai tsutsar ciki. A tambayi wanda ya ba da ita shekarunta, da abin da take ci, da irin fitilar da aka sa mata, da ko ta taɓa yin ƙwai. In akwai waɗansu dabbobi irinta a gidan, a ware ta ɗaki dabam har wata biyu ko uku. Kowane makiyayi ya san ba a sayo akuya yau a kasuwa a tura ta cikin garke yau.

Alamun da ke nuna jinya ta yi nisa ba su da wuyar gani. Hawainiya mai lafiya ba ta rufe ido da rana. In ta rufe, ko idanun sun faɗa ciki, ko ta sauko ta kwanta ƙasan keji, ko ana jin ƙara a numfashinta, ko miyau na danƙo a bakinta, to, ba a jira gobe. Dabba ce mai ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci.

GIDANTA

Da yawa daga cikin waɗanda ake ceto an tarar da su ne cikin akwatin gilashi irin na kifi, gajere, ba iska. Wannan shi ne kuskure na fari. Dabbar bisa itace tsawo take so. Kejin namiji baligi kada ya gaza ƙafa biyu a faɗi, ƙafa biyu a zurfi, ƙafa huɗu a tsaye, da ragar waya a gefe ko a sama don iska ta ratsa. A ɗora shi bisa tebur yadda reshen da ta fi zama zai fi kan mutum tsawo, a kusurwar da ba a yawan wucewa, nesa da kyanwa da kare. A gicciya rassa masu kauri dabam dabam, a cika tsakiya da shuka mai rai mai duhun ganye, yadda in ta so ɓuya ba mai ganinta. Masu kiwo sun fi amfani da wata 'yar bishiya dangin ɓaure da cediya, da kuma wani fure dangin rama da yakuwa. A guji ganyen roba da duk shuka mai guba, gama wannan hawainiya ta sha bamban da yawancin 'yan'uwanta, takan ci ganye.

Keji ɗaya, hawainiya ɗaya. Maza biyu faɗa za su yi, mace da namiji kuma namijin zai takura ta har ta rame. Ko ganin juna daga nesa yana hana su sakewa, har hotonta a madubi tana ɗaukarsa abokin gaba. Dokar kula da dabbobi ta Ingila ta 2006 ta lissafa haƙƙi biyar da ke kan mai dabba, watau wurin zama da ya dace, abinci da ya dace, damar yin halinta na asali, tsari daga ciwo da wahala, da kuma ajiye ta tare da 'yan'uwanta ko nesa da su, gwargwadon abin da irinta ke bukata. Wannan na ƙarshe abin lura ne. Tunkiya in an ware ta ita kaɗai kuka take yi. Hawainiya kuwa in an haɗa ta da wata ne take shiga uku.

Batun zafi kuma, wurin shan ɗumi a saman keji ya kasance wajen digiri 29 zuwa 32 na ma'aunin santigirad ga namiji, ga mace a rage kaɗan. Sauran kejin ya fi haka sanyi, don ta zaɓi inda take so. Da dare a kashe fitilu duka, ɗakin ya yi duhu, ya yi sanyi ƙasa da digiri 20 in da hali. Daga nan mai karatu zai gane irin zafin bazarar Sakkwato ko Zinder, mai wuce digiri 40, ba wurin zamanta ba ne.

RANA DA ƘASHI

Ciwon da ya fi addabar hawainiyoyin da ake ceto shi ne laushin ƙashi. Ƙafafu su lanƙwashe kamar baka, muƙamuƙi ya yi taushi, hula ta karkace, jiki ya riƙa rawa, ta kama reshe ta kāsa riƙewa ta faɗo. Har harshenta, wanda a da yakan harba ya kai tsawon jikinta ko fiye, sai ya gaza kai wa ga ƙwaro.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai kiwon kaji. Wanda ya taɓa kulle 'yan tsaki cikin ɗaki mai duhu ya ga ƙafafunsu sun sage, ko ya ga kaza ta yi ƙwai mai laushin ɓawo, ya riga ya san ciwon nan. Ƙashi da ɓawon ƙwai ana gina su da sinadarin kalsiyam. Jiki kuwa ba ya iya jan kalsiyam daga abinci sai da bitamin D3, shi kuma fata ke yinsa in wani sashe na hasken rana ya taɓa ta. Ido ba ya ganin sashen nan, masana suna kiransa UVB, kuma ba ya ratsa gilashin taga. Saboda haka wanda ya ajiye keji bayan taga yana cewa dabbarsa na shan hantsi, ɗumi kawai take samu.

A ƙasashen sanyi maganin abin shi ne doguwar fitila ta musamman mai ba da hasken nan, a ɗora ta bisa ragar keji, tana ci sa'a 12 kowace rana. Akwai wata yaudara a cikinta. Fitilar takan ci gaba da haske alhali ƙarfinta na UVB ya riga ya ƙare, don haka ana sāke ta bayan wata shida zuwa shekara, gwargwadon irinta. Sau da yawa wanda ya ba da hawainiya yakan haɗa da tsohuwar fitilarsa. Sabon ubangida ya sayi sabuwa, kada ya yi tsimin da zai zama hasara. Inda rana ke samuwa kuma, ba abin da ya kai hantsi na gaskiya, muddin akwai inuwar da za ta koma in ta ji zafi. Ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa, amma yana iya yin ƙarfi. Gurguwar hawainiya takan rayu shekaru in an sauko mata da rassa ƙasa ƙasa, an shimfiɗa abu mai laushi inda za ta faɗo.

RUWA

Hawainiya tana iya mutuwa da ƙishirwa ga kwano cike da ruwa a gabanta. Ruwan da ke kwance ba ya jan hankalinta. A daji ɗigon raɓa da na ruwan sama take lasa bisa ganye. Saboda haka ana fesa wa ganyen kejin ruwa safe da yamma, kowane karo minti biyu ko fiye, gama takan daɗe tana kallo kafin ta fara sha. Waɗansu sukan huda gindin gwangwani da allura, su ɗora bisa keji, ruwa ya riƙa ɗiga kan ganye ɗaya ɗaya. Amma a bar keji ya bushe da rana. Laima da zafi in sun haɗu ba iska, ciwon huhu suke kawowa.

Shaidar ko tana samun ruwa isasshe tana cikin kashinta. Kamar na kaza, yana da wani ɓangare fari. In farin ya fito tas, lafiya lau. In ya zama ruwan goro, ya yi tauri, ƙishirwa ta kama ta. Duban kashi ba abin ƙyama ba ne ga mai kiwo, littafi ne da dabba ke rubuta masa kowace safiya. Sai dai a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta ko kejinta, domin dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Yara ƙanana kuwa kada a bari su taɓa.

ABINCI

Abincinta ƙwari ne masu rai, gyare da fara da kyankyaso na kiwo da tsutsar siliki. Kada ƙwaro ya fi faɗin kanta girma. Ƙarama mai tasowa kullum take ci. Baligi kuwa 'yan ƙwari kaɗan sun ishe shi, yau a ba shi gobe a tsallake. A nan ma akwai abin da manomi zai gane da sauri. Gyaren da aka bari da yunwa fanko ne. Kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa shi, a ciyar da shi ganye mai kyau da karas da kabewa, abin da ya ci shi hawainiya za ta ci. Kamar nono ne, saniyar da ba ta sami ciyawa ba me za ta tsatso? Sa'an nan jikin gyare ba shi da kalsiyam isasshe, don haka ana barbaɗa masa garin kalsiyam kaɗan kusan kowane ci. Garin bitamin kuwa sau biyu a wata ya isa, gama yawansa ma ciwo ne.

Wanda zai kamo ƙwari a waje ya yi hattara da abu biyu. Ƙwaron gonar da aka yi wa feshi guba ne. Sa'an nan akwai ƙwarin da su kansu dafi ne, irin su farar tumfafiya, da ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Duk ƙwaro mai launi ƙyal ƙyal wanda ba ya gudu, tsuntsaye kuma ba su kula shi, akwai dalili.

MACE DA ƘWAI

Wanda ya ceci mace ya ɗauki kaya biyu. Kamar kaza, takan yi ƙwai ko ba namiji, tun tana wata shida ko ƙasa da haka. A tashi ɗaya takan zuba 20 zuwa 70, wani lokaci fiye. Yawan abinci da yawan ɗumi su ke ƙara yawan ƙwan, kowane ƙwai kuwa daga kalsiyam na jikinta ake gina shi. Ga inda tausayi ke kisa. Ubangida ya ga ta zo a rame, ya dinga ɗura mata abinci, jikinta ya ɗauka damina ta yi albarka, ta ɗauki ƙwan da ya fi ƙarfinta.

In lokacin ya yi takan daina ci, ta sauko ƙasa tana kai da kawowa. Rami take nema. Dole a ajiye mata bokiti ko tukunya mai zurfin kamar ƙafa ɗaya, cike da yashi da ƙasa masu danshi, yadda in an haƙa ba zai rufta ba. A rufe kejin da zane, kowa ya kau da kai. In ta ga ana leƙenta sai ta bar ramin, ƙwan ya tsaya mata a ciki, wannan kuwa in ba likita ya yi gaggawa ba ajali ne. Mata da yawa haka suke ƙarewa, don rashin bokitin ƙasa ɗaya.

MASU CEWA A SAKE TA

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, a buɗe keji mana a sake ta ta shiga daji. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da mafita. In ƙasar sanyi ce, hunturu zai kashe ta. In ƙasar ɗumi ce, ɓarnar ta fi haka. A jihar Filorida ta Amurka hawainiyar Yaman ta riga ta zauna a daji tana haihuwa, tun farkon shekarun 2000 aka gano ta a can. A tsibirin Mawi na jihar Hawai ma an same ta a daji a 2002, hukuma ta shiga farautarta don tsoron abin da za ta yi wa ƙwari da ƙananan tsuntsayen tsibirin, waɗanda babu irinsu ko'ina a duniya. Dokar Hawai ta hana ajiye ta sam. Baƙon da aka saka a gonar wani ba a san inda ɓarnarsa za ta tsaya ba.

Wani kuma zai ce ɓarnar kuɗi ce, ana fama da abin da za a ci ana sayen fitila don ƙadangare. Wannan yana da gaskiyarsa, gama keji da fitilu da kuɗin likita sun ninka kuɗin dabbar kanta. Amma gaskiyar tasa kafin a karɓa take aiki. Ba wanda aka tilasta wa kiwon hawainiya, kuma wanda ya auna ƙarfinsa ya ce ba zai iya ba ya fi wanda ya karɓa don a yabe shi. Da zarar an rufe ƙofar keji magana ta sāke. Dabbar ba ta da ikon neman rana ko raɓa da kanta, duk suna hannun mai makulli. Malamai sun sha jan kunnen jama'a da labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, hanyar mutunci ita ce ya mayar da ita ga ƙungiyar ceto ko ga wanda ya san aikin, tun da sauran numfashi.

Akwai kuma tarko ɗaya da ya kamata a sani. Mutum yakan shiga kanti ya ga hawainiya a galabaice, ya biya kuɗi ya ɗauke ta yana cewa ceto ya yi. 'Yan kasuwa sun san lissafin nan. Kayan da aka saya shi ake sāke sarowa, gobe wata za ta maye gurbinta cikin akwatin nan. Ceto na gaskiya shi ne karɓar wadda aka yar, ba tare da an ƙara wa mai ɓarna jari ba.

HAWAINIYAR GIDA

Ita kuwa hawainiyar da ke kan rama da geza a ƙasar Hausa, 'yar'uwar ta Yaman ce ta kusa, kuma duk abin da ake kashe kuɗi a saya wa waccan, wannan kyauta take samunsa, rana da raɓa da fara. Ba ta da dafi. Cizonta bai wuce matsi ba, hucinta kuma tsoro ne kawai. Aikinta cin fara da ƙuda da tsutsar ganye. Ba za ta tsai da farin dango ba, amma ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada, ba ta kuma taɓa zangarniya.

Abokan gabanta su ne ƙunar daji, da feshi ba kan gado, da jifan yara, da masu kamawa don sayarwa. Shekara da shekaru ana fitar da hawainiyoyin Afirka ta Yamma da ransu zuwa ƙasashen waje ta Togo da Benin da Gana, waɗanda aka kamo daga daji kuwa ba su cika daɗewa cikin keji ba. Fatake su sani irin hawainiyar nan tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta shafa, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, Nijeriya da Nijar duk suna ciki. Ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini.

Wanda ya tarar da ita tsakiyar hanya, wataƙila mace ce ta sauko neman wurin binne ƙwai. Ya miƙa mata kara ta hau, ya kai ta gefen da ta nufa, ya ajiye bisa reshe, ya yi tafiyarsa. Ceton da take bukata ke nan duka.

Mai kiwo kuwa, ko kajin Turawa ya sayo, ko saniyar madara, ko zomo, tambayoyin da ke kansa su ne na mai hawainiyar Yaman. Daga wace ƙasa dabbar nan ta fito? Me take ci a can, yaya take sha, wane zafi take ɗauka, da wa take kwana? A yi tambayar tun kuɗi na aljihu, wurin malamin gona ko likitan dabbobi. Matambayi ba ya ɓata.